Ban Sallame Ka Ba, Ɗan Goggo

Bukuru,
ranar Lahadi da hantsi.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Bayan gaisuwa, ina fatan takardar nan ta same ka lafiya, kai da Rabi da yara. Yaya ƙafar? Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ne, ya kuma tsare ka daga abin da kake shirin jawo wa kanka da hannunka. Amin.

Hannuna ne wannan, kada ka tsaya neman wanda ya rubuta mini. Ɗan bokon da na koya a makarantar matan aure ne na kakkaɓo, in ka ga layin ya karkace to raina ne a ɓace. Ka zauna a kan kujera mai tudu ka karanta, ba a kan kushin ɗin falonka mai lotsawa ba, don na ji an ce har a kansa kake zama yanzu.

Maganata guda ce: ban yarda ka hau jirgin nan ba. Ban sallame ka ba, ban sa wa tafiyar bana albarka ba, kuma ka daina yawo da sunana kana cewa Adda ta amince. Yaushe na amince?

Bari in tuna maka yadda aka yi ranar Juma'a. Tasi ta sauke ka a ƙofar gida bayan an sauko masallaci. Ka shigo cikin babbar riga, ba sanda, ka rataya hannu a kafaɗar abokin nan naka Ɗanladi kamar wasa kuke. Ka tsaya a bakin ƙofar ɗakina don ba ka iya durƙusawa, gumi na tsattsafo maka a goshi cikin wannan sanyin na Jos da kowa ke ƙudundune. Ka ce, "Adda, sallama na zo. An ce jirginmu na sati mai zuwa ne." Ɗakin cike da matan unguwa da suka zo yini. Na sunkuyar da kai na ci gaba da tsintar shinkafata, na ce, "To, Allah ya kiyaye hanya." Shi ke nan abin da na faɗa.

To me kake so in ce a gaban mata? Kai ne ɗan farina. Tun da na haife ka ban taɓa kiran sunanka ba, ban taɓa ɗaukarka a gaban mutane ba, ana yaye ka Goggo ƙanwar mahaifinka ta tafi da kai Kuru ta riƙe. Kai ka tashi kana ce mini Adda kamar yayarka, ni kuma ina ce maka Ɗan Goggo. Haka muka tarar, haka aka yi wa uwata, kuma kai ka san ba ƙi ba ne. Ka san sarai ko cewa ka yi za ka faɗa rijiya, in dai da idon mutane, "Allah ya kiyaye" zan ce. Shi ya sa ka zaɓi ranar Juma'a da ɗaki ke cike. Wayo ka yi mini, ka ɗauki kunyata ka mai da ita takardar izini, ka je ka rufe bakin matarka da ita. Wannan ne ya fi ƙona mini rai.

Jiya Rabi ta zo. Tun daga zaure na ji shesshekarta. Yarinyar nan da ba ta taɓa kawo mini ƙararka ba, ta durƙusa ta ce, "Adda, don Allah da gaske ke kika ce ya tafi?" Na ce wa ya faɗa? Ta ce, "Shi. Duk wanda ya yi masa magana sai ya ce mahaifiyarsa ma ta sa albarka, wane ne kuma zai hana." Nan ta zayyane mini sauran. Ashe ranar da aka duba lafiyar maniyyata a cikin tasi ka bar sandunanka, ka cije ka taka a gabansu, ba ka gaya wa kowa an yi maka tiyata ba. Ashe ka daina shan maganin da aka ba ka na hana jini daskarewa, wai ka warke. Ashe in yamma ta yi ƙafar kumbura take, har takalmi ya ƙi shiga. Haba, Ɗan Goggo! Ko wata guda ba a cika ba da aka tsaga ka aka cire kan ƙashin ƙugunka aka sa maka na ƙarfe. Kai wane irin kunnen ƙashi ne da kai?

Kana tsammanin ban zo asibiti ba, na sani. Na zo. Tun ranar da tifar yashi ta kaɗe ka a kan babur a hanyar Bukuru nake zuwa, in zauna a benci a baranda, in aika ƙanwarka da kunu ta ce Goggo ce ta aiko. Ranar da za a sallame ka ina jikin taga na ji abin da likita ya gaya maka da kunnena, ba wani ya ba ni labari ba. Ya ce kada ka zauna a ƙasa ko a kan abin da ya yi ƙasa da gwiwarka. Kada ka harɗe ƙafa. Kada ka sunkuya ɗaukar abu. Kada ka tsuguna a masai. In za ka kwanta ka sa matashi tsakanin gwiwoyinka. Ya ce ƙarfen bai gama zama ba, naman da ke riƙe da shi bai kama ba, motsi ɗaya na ganganci zai iya goce shi. Da ka yi masa maganar kujerarka ta Makka, ya ajiye biro ya dube ka ya ce, "Malam, bana dai ka haƙura. Doguwar tafiya a zaune, ta mota ko ta jirgi, ba yanzu ba. Bayan irin wannan aiki jini kan daskare a jijiyar ƙafa, in gudan ya ɓalle ya hau ƙirji, kafin a kawo ka wurina an gama." Ka ce, "To oga likita, na ji." Ashe jin na baka ne.

Yanzu bari in gaya maka inda ɗingishina ya samo asali, tunda ka girma kana ganina da shi ba ka taɓa tambaya ba. Kana yaro a Kuru lokacin. Da damina ce, na je wanki bakin kududdufin masu haƙar kuza da ke bayan unguwa, santsi ya kwashe ni na faɗi a kan dutse, ƙashin ƙuguna ya karye. A lokacin wa ke maganar tiyata? Mai ɗori aka kira ya ɗaure ni, ya ce kada in kuskura in taka sai ya zo ya kwance da hannunsa. Na kwanta. Da zafin ya lafa sai na fara jin kamar na warke, irin yadda kake ji yanzu. Ana nan sai saƙo ya zo daga Goggo cewa za a yi walimar saukarka ta Alƙur'ani. Ba wanda ya sa ran ganina, uwar ɗan fari ba ta zuwa irin wannan. Amma zuciyata ta ƙi kwanciya. Na ce wa mahaifinka gaisuwar mara lafiya za ni, ya hana, na bari ya tafi kara, kasuwar dabbobi, wurin shanunsa na lallaɓa na fita.

'Yar ƙaramar bas na shiga. Kwandasta ya cusa ni a kujerar baya, gwiwata har ƙirji, ga buhun dankali a kan sawuna. Ba mu yi nisa ba direba ya afka wani rami, na ji abu ya ce ƙas a cikin ƙuguna. Ban yi ihu ba, kunyar mazan da ke motar nake ji. Haka na isa Kuru, na laɓe a bayan danga na hango ka da allo a hannu, an naɗa maka rawani ya fi ƙarfin kanka, kana karatu muryarka na rawa. Ban shiga ba. A kwance aka dawo da ni gida a bayan akori-kura. Ƙashin ya haɗe a karkace, ƙafar ta gajarce, tun daga ranar ban sake yin sujada yadda kowa ke yi ba, sai dai in miƙe ƙafa in duƙa iya iyawata.

Ba don ka ji tausayina na gaya maka ba, ba na so. Na gaya maka ne don kada ka zo mini da maganar kyakkyawar niyya. Ni ma niyyata kyakkyawa ce, saukar Alƙur'ani na je gani, ba rawa ba. Hakan bai hana ƙashin gocewa ba. Da na ƙara haƙuri kaɗan da yau ina tafiya kamar kowa. Don haka ka ji ni da kyau: lafawar zafi ba warkewa ba ce. Wanda ya tsaga ka shi ne zai ce ka warke, ba kai ba, ba Ɗanladi ba.

Shi kuma Ɗanladin, ka gaya masa kada ya sake taka mini gida. Rabi ta ce shi ke zuga ka, wai, "Oga, ko mutuwa ce ta zo ai a can ta fi, ka dace." Tir da wannan magana! Shi me ya hana shi zuwa ya dace? Yana nan garau da ƙafafunsa biyu yana shan shayi a bakin shagonka, yana yi wa 'ya'yan wani fatan maraici. In aka dawo da jakarka babu kai, shi zai ciyar da su? In kuma ka dawo a keken guragu, shi zai riƙa kai ka bayan gida? Mutuwa a ƙasa mai tsarki alheri ce ga wanda ta riska, ba ga wanda ya yi wa likitoci ƙarya ya je nemanta ba. Na tambayi malaminmu na islamiyya jiya da la'asar, ban ambaci ko wane ne ba. Ya ce aikin Hajji a kan mai iko yake, lafiya kuma tana cikin iko, wanda likita ya hana saboda ciwo ba shi da laifin jinkiri. In ba ka yarda da ni ba ka aika a tambayo maka limamin unguwarku.

Kai ba ka taɓa shiga jirgi ba, ni na shiga. Shekarar da mahaifinka, Allah ya jiƙansa, ya biya mini, na ga abin da kake ɗauka wasa. Kafin ma a kai ga jirgin akwai sansanin alhazai. A ce muku yau, a ce gobe, kuna zube a kan tabarmi, masai na tsugunne kuma layi a kansa. Da wace ƙafar za ka tsuguna? In jirgi ya zo kuma ba a hankali ake shiga ba, turereniya ake, kowa na tsoron a bar shi, tsoho da jaka ya bangaje ka bai ma san ya yi ba. Ga matakala doguwa. Kujerar ciki kuwa matsattsiya ce, ta yi ƙasa, gwiwarka na tokare da bayan ta gaba, daidai irin zaman da aka hana ka. A haka za ka shafe sa'o'i.

Ni wautar da na yi a jirgin, jikin taga na zauna, maza biyu tsakanina da hanya. Don kada in tashe su in ratsa ta gabansu sai na ƙi shan ruwa, na ƙi motsawa, har muka sauka. Ƙafata mai lafiyar ma sai da ta kumbura kamar an hura, a hannu na riƙe takalmina. Ni da ciwona ya yi shekara da shekaru ke nan. Akwai wata mata a jirginmu, 'yar unguwarku ce ma ta Congo-Russia, mai sayar da zannuwa. Ashe ba a daɗe da yi mata aiki ba ta ɓoye, tana tsoron a cire sunanta. Mun yi hira da ita a sansani, ta ba ni goro. Muna sauka Jidda, a cikin layi, ta dafe ƙirji ta ce numfashinta, ta sulale. Ba ta ga Ka'aba ba. Daga baya likitan alhazanmu ya tara mu ya ce jini ne ya daskare mata a ƙafa saboda dogon zama, ya yi ta roƙon duk wanda ya ɓoye wani ciwo ya fito ya faɗa. Ni na kawo wa 'ya'yanta jakarta, ko buɗe ta ba a yi ba.

To a ce ma ka sauka lafiya. Ɗawafi fa, cikin wannan cinkoso? Mina fa, inda kowa a ƙasa yake kwana? Wurin jifa fa, inda masu ƙafa biyu lafiyayyu ma addu'a suke su fito? Ko so kake ƙarfen ya goce a tsakiyar jama'a, a kwashe ka zuwa asibitin da ba ka jin yarensu, ka yi Arfa a kan gado?

Kada ka ce ban san abin da ke cinka ba. Na sani. Shekara nawa kana ɗinka wa maniyyata kayan tafiya a shagonka, kowace shekara ka auna su, ka ɗinka, ka goge, ka raka su da "a yi mana addu'a", su dawo su ba ka dabino da hula. Bana ka yanka yadin ka ɗinka naka da hannunka, Rabi ta ce yana rataye ka hana kowa taɓawa. Mutanen layinku har sun fara ce maka Alhaji. Kunyar fita kake ji bayan jirgi ya tashi a gan ka a bakin shago da sanda. Ni za ka gaya wa kunya? Kunya ce ta hana ni ihu a cikin bas, ita ta hana ni tashi a jirgi, ita ta rufe mini baki ranar Juma'a har ka samu abin da kake yawo da shi. Na bauta mata iyakar rayuwata, ban ga ranar da ta ɗauke mini ciwo ba. Masu ce maka Alhaji yau, in ka nakasa sau ɗaya za su zo dubiya da lemo a leda, su koma harkarsu.

Ga abin da nake so ka yi. Gobe Litinin ka ɗauki sandunanka, a hannu ba a bayan tasi ba, Rabi ta raka ka wurin likitan da ya yi maka aiki. Ka nuna masa kumburin nan, ka gaya masa gaskiya cewa ka bar shan magani. In kafin goben ka ji sha-raɓarka ta yi zafi ta ɗaure, ko ƙirjinka ya soke, ko numfashi ya yi maka wuya, kada ka jira gari ya waye, kada a tsaya shafa man zafi, a tafi asibiti a lokacin. Daga nan ka karɓi takardarsa ka kai ofishin alhazai ka ce a ɗaga maka zuwa baɗi. An yi wa wasu, ba a kanka aka fara ba. Sallarka kuma ka yi ta a zaune a kan kujera har sai an ce ka sauka, na ji an ce ka fara gwada sujada don kada 'yan masallaci su gan ka a kujera. Allah da ya ba ka rangwame ya fi su sanin halinka.

Duk wanda ya tambaye ka me ya faru, ka ce Adda ce ta hana. Ka ɗora mini, na ɗauka. Tunda ka iya yawo da izinin da ban bayar ba, sai ka yi yawo da hanin da na bayar da hannuna.

In Allah ya kai mu baɗi, likita ya ce ka tafi, ni da kaina zan dama maka furar guzuri. Sannan ka nemi kujerar bakin hanya a jirgi, ka riƙa tashi kana takawa, kana juya idon sawunka in kana zaune, ka sha ruwa sosai ko da za ka tashi mutum goma. In an kawo maka keken turawa a filin jirgi ka hau, ba zagi ba ne. Ka gaya wa ma'aikata akwai ƙarfe a jikinka tun kafin na'urarsu ta yi ƙara. Makka tana nan inda take, ba a ɗauke ta bana.

Na san halinka, halin mahaifinka ne, kana iya karanta wannan ka ninke ka sa a aljihu ka ce tsufa ne. To ka saurara. Tun da ka yi aure ban taɓa kwana a gidanka ba, ban taɓa cin abinci a cikinsa ba, ko suna ake sai dai in aika. Jibi Talata ina nan zuwa da ƙullin kayana. Na gaya wa Rabi ta shimfiɗa mini tabarma a bakin ƙofar ɗakinka, a nan zan zauna har jirginku ya tashi. Matan Bukuru su ce na zubar da kunya, na tare a gidan ɗan fari, su faɗa, na yafe musu. In ka ga sai ka fita da jakar nan, to sai dai ka tsallake ni. Mu gani ko ƙafar za ta ɗagu, mu kuma gani ko zuciyar za ta iya.

Goggo ta riƙe ka, Allah ya saka mata, amma ba ita ta yi naƙudarka ba. Na rasa ƙafa ɗaya don in hango ka ta bayan danga. Ba zan zauna ina tsintar shinkafa a kawo mini jakarka ba.

Sulaimanu. Ga shi na rubuta, ban kuma goge ba. Sulaimanu, ɗana, kada ka tafi.

Allah ya ba ka lafiya mai ɗorewa, ya sa ƙarfen ya zauna daram, ya tsare ka a gida da waje, ya kai ka ɗakinsa da ƙafafunka biyu a lokacin da ya fi alheri, ya dawo mini da kai. Ka gaida Rabi, ka ce ta share hawayenta. Ka shafa mini kan yara.

Wassalamu alaikum.

Ni ce wadda kake kira Adda,
uwarka.